Youssoufa Moukoko: Ina Ƙwallaye 141 Suka Tafi?

A ranar 21 ga Nuwamba, 2020, saura minti biyar a tashi wasan Hertha Berlin da Borussia Dortmund, aka ɗaga allon canji. Erling Haaland, wanda ya riga ya zura ƙwallo huɗu a daren, ya fito, wani yaro da ya cika shekara 16 kwana ɗaya kafin nan ya shiga. Babu 'yan kallo a filin saboda annobar korona, amma Jamus gaba ɗaya ta san sunansa, domin an daɗe ana jiran wannan rana. Youssoufa Moukoko ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa buga Bundesliga. Ba a cika shekara biyar ba Dortmund ta sayar da shi ga FC Copenhagen ta Denmark a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai wuce yuro miliyan 5 ba, farashin da manyan ƙungiyoyin Turai ke biya kan ɗan wasan da ba su da tabbacin zai fito daga benci.

Masu bin ƙwallo sun rabu gida biyu wajen bayanin abin da ya faru. Wasu sun ce dama an rage masa shekaru ne, da ya haɗu da tsararrakinsa na gaskiya sai asiri ya tonu. Wasu kuma sun ce Dortmund ce ta kashe shi da zaman benci. Kowanne bayani yana da daɗin faɗa a gidan kallo, amma babu wanda ya isa shi kaɗai. Abin da tarihin wasansa ke nunawa shi ne cewa an auna shi da ma'aunin da ba ya auna abin da ake zato, sannan a shekarun da ɗan wasan gaba ke koyon sana'arsa a tsakanin manya, shi bai samu wasa a kai a kai ba.

Kalmomin da ake buƙata

Ɗan wasan gaba shi ne wanda aka ajiye a sahun farko don ya ci ƙwallo, amma sahun gaba ba aiki ɗaya ba ne. Akwai 'yan gefe masu gudu ta dama da hagu, akwai kuma wanda ke tsayawa a tsakiya, tsakanin manyan 'yan baya biyu na abokan karawa. Shi ake ce wa lamba tara, ko da wata lamba ce daban a bayan rigarsa, kuma nan ne gurbin Moukoko. Bundesliga ita ce babbar gasar ƙungiyoyin Jamus, mai ƙungiya 18. Akadami makarantar horar da yara ce da ƙungiya ke riƙewa. Bayan da Jamus ta sha kunya a gasar ƙasashen Turai ta 2000, inda aka fitar da ita tun a matakin rukuni, aka wajabta wa kowace ƙungiyar Bundesliga ta mallaki irin wannan makaranta kafin a ba ta lasisi. Ana raba yaran aji-aji bisa shekaru, manyan azuzuwan su ne 'yan ƙasa da 17 da 'yan ƙasa da 19. Aro kuwa shi ne ƙungiya ta tura ɗan wasanta wata ƙungiyar na wani lokaci, kwantiraginsa, wato yarjejeniyar aikinsa, yana nan a hannunta.

Daga Yawunde zuwa Dortmund

Takardun hukuma sun nuna an haifi Moukoko a Yawunde, babban birnin Kamaru, ranar 20 ga Nuwamba, 2004. Ya tashi a hannun kakanninsa a Briqueterie, unguwar da mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, wadda Hausawa suka daɗe da zama a cikinta. A 2014 aka kai shi Hamburg, ya shiga ajin yara na St. Pauli, a 2016 kuma Dortmund ta ɗauke shi. Daga nan lissafi ya fara wuce hankali. Yana da shekara 12 aka sa shi a cikin 'yan ƙasa da 17, ya gama kakar 2017/18 da ƙwallo 40 a wasa 28, ƙungiyarsa ta lashe kofin ƙasa na wannan aji. Kakar da ta biyo baya ya ci 50. Yana da shekara 14 aka ƙara masa aji zuwa 'yan ƙasa da 19, ya zura 34 a wasa 20 kafin korona ta tsayar da gasar. Idan aka haɗa da sauran wasannin da ya buga wa waɗannan azuzuwa, ƙwallo 141 ne a wasa 88.

Har doka sai da ta matsa masa. A Afrilun 2020 ƙungiyoyin Jamus suka amince a rage mafi ƙarancin shekarun buga Bundesliga zuwa 16, kuma Dortmund ce ta yi uwa ta yi makarɓiya a wannan batu, ba tare da ta ɓoye wanda take hange ba. Bayan wasan Berlin, ranar 8 ga Disamba ya shiga wasan Zenit a gasar Zakarun Turai yana da shekara 16 da kwana 18, ya karɓe tarihin mafi ƙarancin shekaru da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya riƙe tun 1994 da rigar Anderlecht. Bayan kwana goma ya zura wa Union Berlin ƙwallo, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya ci ƙwallo a Bundesliga, tarihin da Florian Wirtz ya kafa watanni shida kacal kafin nan. Ya kamata a lura da irin waɗannan tarihin. Dukkansu na riga-kowa ne: suna faɗin ranar da aka fara, ba sa cewa komai game da inda za a tsaya.

Me ƙwallayen yara ke aunawa?

Nan ne asalin ruɗanin. Mutane sun ɗauki 141 a matsayin alƙawari, wanda ya ci kusan biyu a kowane wasa a cikin yara ai ko rabin haka zai ci a cikin manya. Ƙwallon yara ba ya aiki haka. Tsakanin shekara 12 da 17 jikin yara ba ya girma tare; biyu da aka haifa wata ɗaya, ɗaya ya riga ya yi ƙirji da cinyar namiji, ɗayan bai fara ba. Kamar gero ne a gona: wanda ya riga sauran tsawo a farkon damina ba lallai shi zai fi zangarniya ba. Yaron da ya riga tsararrakinsa cika yakan ture ɗan baya da kafaɗa, ya riga shi gudu, ya buga ƙwallo da ƙarfin da mai tsaron gida ɗan shekara 15 ba zai tare ba. Sannan a wancan lokacin gasar yaran Jamus ta kasu shiyya uku, Dortmund tana shiyyar yamma, inda ta fi yawancin abokan karawarta nesa ba kusa ba. Lamba tara a irin wannan ƙungiya yakan samu dama biyar ko shida a wasa ɗaya, ya zubar da uku ya ci biyu, a tafa masa.

A Bundesliga duk wannan rata takan rufe rana ɗaya. 'Yan bayan sun fi shi tsawo da nauyi, sun yi shekara goma suna karanta motsin 'yan gaba, damar da ke zuwa ba ta wuce ɗaya ko biyu a wasa. Kuma aikin lamba tara a nan ya fi cin ƙwallo yawa. Zai karɓi ƙwallo yana ba raga baya, mutum na manne da shi, ya riƙe ta har 'yan tsakiya su iso. Zai yi tsalle ya yi takarar dogayen ƙwallaye da ka. Idan ƙwallo ta kuɓuce, shi ne na farko da zai fara matsa wa 'yan bayan abokan karawa. Moukoko ba dogo ba ne, ƙarfinsa yana cikin saurin juyawa da bugun ƙafar hagu a kusa da raga. Waɗancan ayyukan kuwa yaron da ke cin uku a kowace Asabar ba ya koyonsu, saboda bai taɓa buƙatarsu ba. Ba a koyonsu a filin atisaye kawai, sai a wasa, a yi kuskure a gaban ɗan baya mai shekara 30, a dawo mako mai zuwa a gyara.

Wani zai ce, to me ya sa Wirtz da Jamal Musiala, waɗanda suka girme shi da shekara ɗaya da 'yan watanni, suka haye wannan rata ba tare da tuntuɓe ba? Amsar tana cikin gurbin da suke bugawa. Su 'yan bayan lamba tara ne, kuma a tsarin da yawancin ƙungiyoyi ke bi akwai kujera uku a wannan layi. Koci zai iya sa yaro a ɗaya daga ciki, manya biyu su rufa masa asiri ranar da bai yi kyau ba. Lamba tara kujera ɗaya ce, kuma ranar da mai ita bai ci ba kowa ya gani. Shi ya sa 'yan wannan gurbi sukan makara wajen nuna. Miroslav Klose, wanda ya fi kowa ci wa Jamus ƙwallo da 71, ya koyi aikin kafinta, yana buga ƙananan gasa, bai taɓa Bundesliga ba sai yana da shekara 21.

Kujera ɗaya, manya da yawa

Masu cewa Dortmund ta kashe shi suna da hujja, amma sun yi mata mummunar fassara. Dortmund ba ƙungiyar da ke tsoron yara ba ce. Ita ta fito da Christian Pulisic da Ousmane Dembele da Jadon Sancho, ita ta ɗauko Jude Bellingham daga Birmingham yana da shekara 17 ta sa shi a tsakiyar fili, ta sayar da shi ga Real Madrid a 2023 a kan sama da yuro miliyan 100. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da yake lamba tara. A wannan gurbin Dortmund kullum gwani take saya, saboda kasafin kuɗinta ya dogara ne kan shiga gasar Zakarun Turai kowace shekara, kuma kocin da ke neman matsayi na huɗu ba zai jira yaro ya yi wasa goma yana koyo ba.

A duba jerin waɗanda suka tsaya a gabansa. Kaka biyu na farko Haaland ne, kuma babu mai hankalin da zai ajiye Haaland. A cikin wannan lokacin ma rauni ya yi ta katse Moukoko, na farko a Maris 2021 a sansanin 'yan ƙasa da 21 na Jamus, wanda ya cinye masa sauran kakar. Ya ci uku a Bundesliga a kakarsa ta farko, biyu a ta biyu. Da Haaland ya tafi Manchester City a 2022, Dortmund ta sayo Sebastien Haller daga Ajax. Kafin a fara gasa aka gano Haller yana da cutar daji, ƙungiyar ta yi sauri ta ɗauko Anthony Modeste daga Cologne, mai shekara 34. Sai da Modeste ya kasa sannan ƙofa ta buɗe.

Abin da ya faru a waɗannan watanni uku shi ne hujja mafi ƙarfi a duk wannan magana. Ranar 17 ga Satumba, 2022, a wasan hamayya da Schalke, an kusa minti na 80 babu ci, Moukoko da ya shigo daga benci ya sulale bayan 'yan baya, Marius Wolf ya ɗago ƙwallo daga gefe, ya sa mata kai ta faɗa raga, aka tashi 1-0. Yaron da ake cewa ba shi da tsawo ya raba gardamar wasan hamayyar da ka. Bayan mako uku ya ci Bayern Munich a wasan da aka tashi 2-2, a Nuwamba ya zura wa Bochum biyu, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya kai ƙwallo 10 a Bundesliga. Kafin a tafi hutun Kofin Duniya yana da shida a gasar. Wannan ne karo ɗaya tak da ya samu wasa a jere a babbar ƙungiyar Dortmund, kuma ya biya. A Fabrairun 2023 ya ji rauni a idon sawu, Haller ya dawo daga jinya, Moukoko ya gama kakar da bakwai, Dortmund kuma ta zubar da kofin Bundesliga a ranar ƙarshe da ta yi 2-2 da Mainz a gida.

Akwai wani abu da ya faru a Muscat ta ƙasar Oman wanda ya zama kamar share fage ga abin da zai biyo baya. Ranar 16 ga Nuwamba, 2022, kocin Jamus Hansi Flick ya fara da Moukoko a wasan sada zumunta da Oman, saura kwana huɗu ya cika 18, mafi ƙarancin shekaru da ya fara buga wa Jamus tun Uwe Seeler a 1954. A wasan nan ne kuma Niclas Füllkrug, mai shekara 29, wanda ya yi shekaru yana hawa da sauka tsakanin Bundesliga da gasa ta biyu, shi ma ya fara buga wa ƙasar. Ya shigo bayan hutun rabin lokaci, ya ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan. A Kofin Duniya na Qatar Moukoko bai samu komai ba sai mintunan ƙarshe na wasan da Japan ta doke su 2-1. A ƙarshen Agustan 2023 Dortmund ta sayo Füllkrug ɗin daga Werder Bremen. Moukoko ya ci biyar a wannan kaka, galibi daga benci, a 2024 kuma aka ƙaro Serhou Guirassy da Maximilian Beier. Ya bar Bundesliga da ƙwallo 17.

Kwantiragin da ya zama ƙangi

Laifin ba na ƙungiya kaɗai ba ne. Kwantiragin Moukoko zai ƙare a Yunin 2023, kuma ɗan wasan da ya rage wata shida yana da damar ya yi magana da kowace ƙungiyar waje ya tafi kyauta. Lokacin ya zo daidai da ganiyarsa, ƙungiyoyin Ingila suna zawarcinsa, wakilansa suka ja ciniki yadda ya kamata masu ciniki su ja. A Janairun 2023 ya sa hannu har zuwa 2026, a kan albashin da jaridun Jamus suka ƙiyasta kusan yuro miliyan 6 a shekara. Babu wanda zai zargi matashi da ya karɓi wannan kuɗi, sana'ar da rauni ɗaya kan iya rufewa ce. Amma albashin ya rufe masa ƙofofin da ya fi buƙata. Ƙungiyoyin tsakiyar tebur, irin su Mainz ko Freiburg ko Augsburg, inda matashin lamba tara zai yi wasa 30 a kaka ba tare da an tsayar da duniya kan kowace ƙwallon da ya ɓarar ba, ba sa biyan irin wannan kuɗi. Masu iya biya kuwa suna da nasu gwanin. A ganina wannan ita ce mararrabar da aka fi yin sakaci da ita a labarinsa: a shekara 18 aka ba shi albashin wanda ya gama koyo.

Da aron ya zo a Agustan 2024, zuwa Nice ta Faransa wadda ɗan gabanta Terem Moffi na Najeriya ya ji mummunan rauni a gwiwa, bai yi amfani ba. Moukoko ya ci biyu a wasan da suka lallasa Saint-Etienne 8-0 a Satumba, daga nan bai ƙara ba. Evann Guessand ya kama gurbin, koci Franck Haise ya daina sa shi a watannin ƙarshe. Wannan kakar ba ta da uzurin Haaland ko Füllkrug, kuma dole a lissafa ta a kansa. Ɗan wasan da ya isa sabon wuri bayan shekara ɗaya da rabi ba ya wasa sosai yakan zo da tsatsa a ƙafa da kuma gaggawa a zuciya, amma koci ba ya jiran wanda ba nasa ba, wanda zai koma gida a ƙarshen kaka.

Batun shekaru

Ba za a tsallake wannan ba. Tun 2017, da ya fara cin yaran da suka girme shi da shekara huɗu, ake ta gunaguni. Hukumar ƙwallon Jamus da Dortmund sun tsaya kan takardun da hukumomin Jamus suka bayar. A farkon 2023 wasu jaridu suka yaɗa labarin wata takardar haihuwa mai nuna 2000. A Disamban 2024 tashar ProSieben ta nuna wani shiri inda mutumin da takardu suka nuna shi ne mahaifinsa ya ce shi ba mahaifinsa ba ne, kuma a 2000 aka haifi yaron. Dortmund ta sake nanata cewa takardun shaida da na haihuwa da hukumar Jamus ta bayar sun nuna 20 ga Nuwamba, 2004, da sunayen iyayen kamar yadda aka sani. Mutumin nan shi ne dai wanda ya yi shekaru yana kare ranar 2004 a gaban 'yan jarida, don haka maganarsa biyu ce masu karo da juna. Abin da ke hannu zargi ne a gefe ɗaya, takardar hukuma a ɗaya gefen, kuma da takardar ake aiki.

Zargin yana samun kunne ne saboda yana da tushe a wasu wurare. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar 'yan ƙasa da 17 ta Najeriya suka faɗi gwajin shekaru gab da karawa da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da su. A ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon Kamaru ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sallami 21 daga cikin yara 30 saboda wannan dalili. Amma laifin tawaga ba shaida ba ne a kan mutum ɗaya, in ba haka ba duk wanda aka haifa a Afirka ya zama abin tuhuma tun kafin ya taɓa ƙwallo. Masu cewa a yi masa gwaji a huta kuma ba su san iyakar gwajin ba. MRI na'ura ce da ke ɗaukar hoton cikin jiki, kuma FIFA ta fara amfani da ita a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Ana duba ƙashin wuyan hannu ne a ga ko gurbin da ƙashi ke ƙara tsawo ya rufe. Idan ya rufe ruf, ana ɗauka yaro ya wuce 17. Da zarar mutum ya gama girma, hoton ɗan shekara 20 da na ɗan 24 iri ɗaya ne.

Mu ɗauka ma, don muhawara kawai, cewa masu zargin suna da gaskiya. Hakan zai bayyana 141, amma ba zai bayyana damina da kakar 2022 ba, lokacin da yake cin Schalke da Bayern, waɗanda 'yan bayansu ba yara ba ne. Sannan irin wannan hawa da gangara ya faru ga waɗanda babu wanda ya taɓa shakkar shekarunsu. Jann-Fiete Arp ya ci wa Hamburg ƙwallo a Bundesliga yana da shekara 17, aka kira shi lamba taran Jamus na gobe, Bayern ta ɗauke shi a 2019, ya ƙare a ƙungiyarta ta biyu kafin ya koma Holstein Kiel. Bojan Krkic ya ci ɗaruruwan ƙwallaye a akadamin Barcelona, ya shiga babbar ƙungiya yana da 17, daga baya ya bayyana da bakinsa cewa ciwon fargaba ne ya hana shi zuwa gasar ƙasashen Turai ta 2008. Idan cuta ɗaya ta kama masu takardar da ake shakka da masu takardar da ba a shakka, to ba takardar ce sanadinta ba.

Nauyin da ba a gani a fili

Tun da Klose ya ajiye buga wa ƙasa bayan Kofin Duniya na 2014, Jamus ke fama da ƙishin lamba tara. Akadamunta sun ƙware wajen fitar da 'yan tsakiya masu iya taɓa ƙwallo, har ta kai ana sa irin su Mario Götze da Kai Havertz a gaba don babu na asali. An fitar da ƙasar a matakin rukuni na Kofin Duniya a 2018, aka maimaita a 2022. A cikin wannan ƙishi ne yaro ɗan shekara 13 ya bayyana yana cin 40 a kaka, sai aka ɗora masa buƙatar ƙasa guda. Yana da 14 aka ruwaito ya ƙulla yarjejeniyar talla ta miliyoyin yuro da Nike. Ga kuma wariyar launin fata. A Oktoban 2020 wasu magoya bayan Schalke suka yi masa zagin ƙare dangi a wasan 'yan ƙasa da 19 da ya ci uku. A Yunin 2023, bayan shi da Jessic Ngankam sun ɓarar da fenareti a wasan da Jamus ta yi 1-1 da Isra'ila a gasar 'yan ƙasa da 21, aka cika shafukansu da zagi, har ya fito ya koka cewa ranar nasara duk Jamusawa ne, ranar rashinta kuma a tuna musu launinsu. Babu ma'aunin da zai faɗi ƙwallo nawa wannan ya rage masa, amma ɗan gaban da ya san abin da ke jiransa idan ya ɓarar ba ya buga ƙwallo da sakakkiyar ƙafa.

Copenhagen

Da yawa sun ɗauki komawarsa Denmark a 2025, da kwantiragi har zuwa 2030, a matsayin ƙarshen labari. Tarihin wannan gurbi bai goyi bayansu ba. Victor Osimhen ya ci 10 a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, ya tafi Wolfsburg, ya bar Bundesliga bai ci ko ɗaya ba. Charleroi ta Beljiyam ce ta karɓe shi aro a 2018, ya yi wasa kowane mako, ya ci 20, daga nan Lille, sai Napoli da kofin gasar Italiya na 2023 da kyautar gwarzon Afirka. Haaland kansa ta Molde da Salzburg ya biyo kafin ya iso Dortmund. Copenhagen ita ce ƙungiyar da ta fi kowa lashe gasar Denmark ta zamani, tana yawan shiga gasannin Turai, kuma sana'arta ce ta gyara matasa ta sayar. Wannan tsani ne da ya kamata a taka a shekara 18, shi sai a 20 ya taka shi.

Haɗarin ma a bayyane yake. Copenhagen a Denmark ta yi kama da Dortmund a gasar yara: ita ke riƙe ƙwallo, ita ke samun dama, don haka yawan ƙwallayen da zai ci a can zai iya sake ruɗar masu lissafi. Masu sayen 'yan wasa za su fi duba wasa nawa ya fara a kaka, ko jikinsa ya jure ba rauni, da yadda yake yi a darare na Turai idan ƙungiyarsa ce ke kare kai, ƙwallo ba ta zuwa masa sai doguwa daga baya. Hanyar komawa tawagar ƙasa kuma ta ƙara cunkushewa. Julian Nagelsmann, wanda ya karɓi ragama a Satumban 2023, a 2025 yana da Havertz da Deniz Undav da Beier da Jonathan Burkardt, ga kuma Nick Woltemade, wanda a lokacin da Moukoko ke cin Bayern yana zaman aro a Elversberg a gasa ta uku, a Agustan 2025 kuma Newcastle ta saye shi daga Stuttgart a kan kuɗin da ya ninka na Moukoko fiye da sau goma.